Janareta a Ɗakin Ajiya

Kwana huɗu ke nan babu wuta a unguwar. Taransifoma ce ta kama da wuta ranar Litinin da hantsi, ta yi wata ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe. Masu wuta suka zo da tsaninsu, suka dudduba, suka girgiza kai, suka ce za su dawo. Har yau ana jiran su.

A hawa na biyu na benen da ke kallon taransifomar, Auta ce ke zaune ita da mahaifinta. Ta kusa shekara arba'in a duniya, amma har yanzu Auta kowa ke ce mata, har masu kawo mata aiki. Ɗinkin labule take yi, irin masu kaurin nan na ofisoshi da otal, kuma an san hannunta. In ta auna taga ta ɗinka ta rataya, ko zaren haske ba ya samun wurin ratsowa. Baba kuwa shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya ɗan karkace, magana tana fita da ja, amma tsokanarsa tana nan daram. Kullum da safe Auta za ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta tallafo shi zuwa kujerarsa ta falo, wadda ke fuskantar tankin kifi.

Tankin nan shi ne abin faɗa a gidan. Akwatin gilashi ne da ya cinye bango guda, tsawonsa ya kai mutum a kwance, kuma kifi ɗaya tal ne a ciki. Wani dogo ne mai launin azurfa, da 'yan gemu biyu a leɓensa na ƙasa. Tun yana kamar ɗan yatsa take kiwonsa, yau shekara tara, ya kai tsawon hannunta. Baba ne ya raɗa masa suna Suruki. Ya ce tunda Auta ta ƙi kawo masa miji ta kawo masa wannan, yana ci, yana harara, ba ya gaida kowa, to ai surukuta ta tabbata.

Wanda bai taɓa kiwon kifi a ɗaki ba zai ɗauka ruwa kawai ake zubawa a koma gefe. Ina! Akwai famfon iska da ke hura ƙwayoyin iska cikin ruwa ta wani siririn tiyo, akwai matata mai juya ruwan tana tace shi, akwai fitila. Babu mai hutawa a cikinsu, kuma dukkansu a jikin mita suke. Da aka ƙara kuɗin wuta, mitar gidan ta koma kamar rariya, ka sa mata kati yau, jibi tana kuka. Sai Auta ta fara yanke-yanke. Ta ajiye keken ɗinki na lantarki ta koma na ƙafa, ta rage guga, ta kashe fitilar baranda. Daga ƙarshe ta cire firiji, kuma wannan ne ya jawo mata.

Wata Asabar babban wansu, wanda take kira Yaya, ya zo gaida Baba. Ya buɗe firiji zai ɗauko masa ruwan sanyi, sai ɗumi ya bugi fuskarsa. Ya waiwayo, ga tanki can yana ƙyalli, ruwa yana ɓulɓula, Suruki yana kai da komo kamar shi ya biya hayar gidan.

"Auta, kin kashe wa tsoho firiji kin kunna wa kifi fitila?"

"Ai likita ya ce ya rage shan ruwan sanyi, Yaya."

"Wane likitan? Na kifi?"

Tun daga ranar Yaya ya kafa maganar cewa zai mayar da Baba gidansa, can ɗaya ƙarshen gari. Ba mugu ba ne, mutum ne kawai da in ya ga abu sau ɗaya ya gama yanke hukunci. Ita kuwa Auta babu abin da take tsoro a duniya kamar a ɗauke mata Baba. A gidan Yaya kowa fita yake tun safe, tsohon zai wuni yana kallon bango. Kuma gaskiyar da ba ta faɗa wa kowa ita ce, in aka fitar da kujerar nan daga falo, ba ta san don wa za ta riƙa tashi da safe ba.

Kwana ukun farko na rashin wutar, wani batir ne ya rufa mata asiri. Tsoho ne, amma yana jan famfon iska da fankar Baba. In ya yi sanyi ta ɗaure shi a zani ta sauka da shi shagon caji, ta sake hawo da shi tana haki. A safiyar kwana na huɗu ya fara wani siririn kuka, ya yi, ya yi, ya ɗauke gaba ɗaya. Fanka ta juya sau biyu ta tsaya. Ƙwayoyin iskar tanki suka ragu, suka zama ɗaya ɗaya, suka daina. Shekara tara falon bai taɓa yin shiru irin wannan ba.

Tana tsaye a kan batirin, sai wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"An kawo muku wuta?"

"Ana dai sa rai, Yaya."

"Ana sa rai. To ki ji, da la'asar ina nan tafe da mota. In na tarar da shi cikin zafin nan babu ko fanka, ki haɗa masa kayansa. Ba shawara nake nema ba."

Ya kashe. Wayar ma ba ta daɗe ba ta bi sahun batir.

Baba ya ji komai, don Yaya ba ya magana a hankali ko a waya. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya share wuya.

"Ni fa ba inda za ni," ya ce. "Wa zai tsare mini surukina?"

"Ba inda za ka, Baba."

A ƙarƙashin teburin yankan yadi, bayan tarin ragowar labule, akwai wani ɗan jan janareta da ta saya a hannu wata biyu da suka wuce, ta shigo da shi a kwali kamar kayan ɗinki. Ba ta taɓa tayar da shi ba. Dalili kuwa yana manne a bangon matakala, an rubuta da manyan baƙaƙe: ba a yarda kowa ya tayar da inji a sama ba, ko a baranda, wanda ya yi ya nemi wani gidan. Mai benen da kansa ya manna, bayan wata rigima da aka yi kan hayaƙi da ƙara har aka ci kwalar juna. Ya ware rumfa a bayan gida don injina, amma wayar wutar Auta ba za ta kai can daga hawa na biyu ba, kuma inji ƙarami irin nata a rumfar nan, kafin ka hau ka sauko ya yi ƙafa. Ga shi mai benen a ƙasa yake zaune, wuni yake a bakin matakala a kan benci, kunnensa kamar na zomo.

Auta ta tsaya tana kallon ɗakin ajiya. Ɗan ƙaramin ɗaki ne tsakanin kicin da falo, mai 'yar taga ɗaya can sama da ke buɗewa ta wajen matakala. Ta ce a ranta, na 'yan awoyi ne kawai, Yaya ya zo ya ga fanka tana juyawa ya tafi. Don fankar Baba ne. Ta maimaita wa kanta haka sau biyu, idonta yana kan tanki.

Daga nan hannun sana'a ya karɓi aiki. Ta rufe 'yar tagar, ta ninka ragowar yadi mai kauri gida huɗu ta toshe ta. Ta shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa ta ɗora injin don kada girgizarsa ta sauka ta siminti. Ta zuba fetur ɗin da ta ɓoye a jarka, ta ja igiya sau uku, ya kama. Ta fito da wayar wuta ta ƙarƙashin ƙofa, ta naɗe wani yadin kamar matashi ta cusa a wurin, sannan ta rataya labule biyu a kan ƙofar, ɗaya bisa ɗaya. Ta bi tagogin falo ta rurrufe, ta ja labulayenta har ƙasa. Dalili biyu gare ta, kuma duka biyun masu kyau ne a ganinta: kada ƙara ta fita, kada kuma rana ta shigo ta dafa ruwan tanki.

Ta fita matakala ta ja ƙofa ta kasa kunne. Babu komai, sai rediyon mai benen daga ƙasa. Ta yi murmushi, don ta san aikinta. Aiki kam ya yi kyau, kuma da ma bai yi ba. Ƙara ce ke tsayawa a bayan labule. Abin da inji ke fitarwa ta bututunsa ba ya neman izinin yadi, ta saman ƙofa zai bi, ta ramin waya zai bi, kuma mafi muninsa ba shi da launi balle ka gan shi. Auta ta toshe masa duk hanyar waje ta bar masa ta falo.

Ta dawo ta jona fanka da famfo da matata. Fanka ta ɗauka. Ruwa ya fara ɓulɓula. Suruki ya karkaɗa jela ya bi ta cikin ƙwayoyin iskar.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba, yana miƙa wuya wajen fanka. "Suruki ya samu, mu ma mun ci albarkacinsa."

"Kai ne ka samu, shi ya ci albarkacinka."

"Haka dai kika ce."

Wani ɗan warin fetur ya ɗan taso. Auta ta ɗauko turaren fesawa ta zagaye falon da shi, har bakin ɗakin ajiya, don hancin Yaya ba ya kuskure. Wari ya ɓace a ƙarƙashin ƙamshin lemo. Ta zauna a kan kekenta ta jawo labulen wani ofis da ake jira, ta fara taka ƙafa, zuciyarta wasai.

Wajen awa guda sai ta ji kanta ya fara sarawa, nan ta gaban goshi. Zare ya tsinke. Ta zo zura shi a allura ta kuskure, ta sake ta kuskure, ita da ke zurawa ko ba ta duba ba. Ta ce rashin barci ne, kwana huɗu tana hawa da sauka da batir, ai dole jiki ya nemi hakkinsa. Baba ya yi hamma mai tsawo, ya sake yin wata.

"Auta, kaina ya yi nauyi. Kamar an kifa mini tukunya."

"Zafin kwanakin nan ne yake fita, Baba. Sha ruwa."

Ya kurɓa kaɗan, sauran ya bi ta gefen bakinsa, ta goge masa. Ya lumshe ido. Ta ji daɗin ganin haka ma, don ya kwana biyu bai samu barcin kirki ba.

Da ta juyo ne ta ga Suruki a sama. Ya kafa baki a fuskar ruwa yana buɗewa yana rufewa, gefen kansa yana bugawa da sauri. Duk mai kiwon kifi ya san wannan karatun tun a shekararsa ta farko: kifi ya hau sama yana haki, iska ce ta yi masa kaɗan. Auta ta san shi kamar sunanta, kuma sanin ne ya rufe mata ido. Ta duba tiyo, bai lanƙwashe ba. Ta duba famfo, yana aiki. Ta taɓa gilashi, ruwan bai yi zafi ba. Sai ta yanke cewa injin ne ƙarami, wutarsa ba ta isa kowa, fanka tana cinye rabon famfo.

Tana da wani famfon na ajiya a cikin durowa. Ramukan soket ɗin kuwa uku ne, kuma duka a cike. Ta dubi fanka, ta dubi Baba. Barci yake, haɓarsa ta sauka a ƙirji, ba zai ma sani ba. Minti goma kawai, kifin ya farfaɗo, ta mayar tun kafin Yaya ya iso. Ta ji kunyar abin a ranta, ba wai ba ta ji ba. Amma ta sunkuya ta zare fankar ta jona famfo na biyu.

Ruwa ya rinƙa tafasa da iska ta kusurwa biyu. Ta durƙusa a gaban gilashi tana jira. Minti goma suka wuce, wasu goman suka bi su. Maimakon ya sauko, sai Suruki ya fara karkata gefe guda, ya daidaita da ƙyar, ya sake karkata. Farin cikinsa ya bayyana. Shekara tara ba ta taɓa ganin cikin kifin nan daga sama ba.

Ta miƙe da sauri, falon ya juya mata, sai da ta dafa tebur. Wani tashin zuciya ya taso ya koma. Mutum ɗaya ne ya faɗo mata a rai, mai shagon kifi da ke bakin babban titi, wanda ya sayar mata da Suruki tun yana ɗan yatsa. Ga waya a mace. Tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, in ta yi sauri za ta je ta dawo da magani ko babban famfo kafin la'asar.

Ta taɓa kafaɗar Baba.

"Baba, zan je bakin titi in dawo yanzu."

Shiru. Ta ɗan girgiza shi. Ya buɗe ido rabi, bai dube ta sosai ba.

"Je ki," ya ce, harshen ya fi kullum nauyi. "Ki ja... ƙofa."

Ta ja ƙofar, ta murza makulli sau biyu kamar yadda ta saba in za ta bar shi, yau ma har da ƙarin dalili, kada mai benen ya leƙo.

A matakala ƙafafunta kamar ba nata ba. Ta riƙe ƙarfe tana sauka ɗaya ɗaya. Mai benen yana kan bencinsa, rediyo a cinya, ya ɗago ya ƙare mata kallo.

"Auta, lafiya? Kin ga idonki kuwa?"

"Rashin barci ne kawai."

"Ai dole. Ya jikin tsohon? Yau ban ji tarinsa ba, gidanku tsit."

"Barci yake."

"Madalla. Barci ai magani ne."

Da ta fita titi iska ta bugi fuskarta. Kafin ta wuce shagon caji saran kan ya fara sassautawa, kafin ta kai kwanar masu gyaran taya idonta ya washe, ƙafa ta dawo tata. Har ta lura da hakan, ta ce a ranta ashe zaman wuri ɗaya ne, tafiya tana da amfani. Ta ƙara sauri, tana tsara yadda za ta yi wa mai shago bayani.

Ta same shi a ƙofar shago yana wanke wani ƙaramin tanki, hannun riga a naɗe. Injinsa yana can waje a gefen kwata, an ɗaure shi da sarƙa a jikin turke, yana ta ruri. Mutum ne mai surutu da wasa, kowace mace Anti ce a bakinsa.

"Anti mai labule! Ya surukin Baba? Ko ya fara neman mata ta biyu?"

"Yana sama yana haki. Har ya fara juyawa."

Wasan ya bar fuskarsa. Ya ajiye soso.

"Kin ba shi abinci da yawa?"

"Tun da aka ɗauke wuta ban ba shi ba."

"Daidai. Kin canza ruwa? Wani ya sa hannu da sabulu?"

"Babu ko ɗaya."

"To iska ce. Famfonki ya tsaya."

"Famfo biyu na sa masa. Ruwan har tafasa yake."

Mai shago ya tsaya da goge hannu.

"Famfo biyu, kuma yana sama? Da me kike ba su wuta? Ba kin ce batirinki ya tsufa ba?"

"Na samu ɗan inji."

"Yana ina?"

Ta dubi titi, kamar mai benen zai ɓullo daga bayan wata mota.

"Anti, injin yana ina?"

"A ɗakin ajiya. Amma na rufe shi ruf, ko ƙararsa ba a ji. Tagogin ma duk na rufe."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Da ya yi magana muryarsa ta sauka ƙasa.

"Famfo ai ba ya haifar iska, Anti. Ta ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Kin ƙara famfo, kin ƙara masa hayaƙi ne. Abin da kifin nan yake sha, shi duk mai rai a ɗakin yake sha. Wa kika bari a gidan?"

Ciwon kan, da allurar, da hammar, duk suka zo mata a lokaci ɗaya. Ta juya za ta ruga, ya riƙo gefen mayafinta, ya nuna babur ɗinsa. Ko shagon bai rufe ba.

Ba ta san yadda suka iso ba. Ta dai san ta wuce mai benen a guje yana tambayar ko lafiya, ta san makullin ya faɗi a ƙofa sau ɗaya kafin ya shiga. Da ƙofar ta buɗe wani zafi mai nauyi ya tare su, ga ƙamshin lemo, ga duhu, ga ruwa yana ta ɓulɓula kamar ba abin da ya faru.

Baba yana kan kujerarsa. Kansa ya faɗi gefe, hannunsa mai lafiya yana lilo a ƙasa, kofin ruwan ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Baba! Baba!"

Bai motsa ba. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, tana da ɗumi, leɓɓansa sun yi wani ja da ba nasu ba. Mai shago ya toshe hanci da riga ya yi kan tagogi. Ya ja labule ya ƙi, don Auta ba ta rataya abu da wasa. Ya sa ƙarfi ya fizgo shi har da sandarsa, ƙusoshi suka zubo, haske ya faɗo falon. Ya bubbuɗe tagogi yana tari.

"Kada ki tsaya kiransa! Kama ƙafafun, mu fitar da shi!"

Mai benen ya iso bakin ƙofa yana haki. Ya ji gurnanin da ke fitowa ta bayan labulen ɗakin ajiya, ya dubi Auta, ya buɗe baki, sai ya ga tsohon. Ya tuɓe takalmi ya kama kujerar ta ɗaya gefen. A kanta suka sauko da shi su uku, hawa biyu, kansa yana bugun hannun Auta a kowane mataki.

Suna ajiye shi a ƙofar gida motar Yaya tana tsayawa. Ya zo da wuri. Ya fito da leda a hannu, da 'yar fanka mai caji sabuwa a kwalinta, ya ga mutane sun taru, ya ga kujerar. Ledar ta faɗi.

"Me ya same shi?"

"Hayaƙin inji ne," in ji mai shago. "Yana numfashi, amma kaɗan. Asibiti, yanzu."

Suka shimfiɗa shi a kujerar baya. Yaya ya ce ina katinsa na asibiti da magungunansa, Auta ta ce suna kan durowar falo, ta yunƙura za ta hau. Ya ce ta zauna ta riƙe kansa. Shi ya hau, yana tsallake matakala bibbiyu. Daga ƙasa, ta tagogin da aka buɗe, yanzu kowa yana jin injin. Sai aka ji ya yi tari ya mutu. Yaya ya ɗan jima kafin ya sauko, fiye da yadda ɗauko kati ke bukata.

A hanya babu mai magana. Yaya yana tuƙi yana danna ham, Auta tana baya, kan Baba a cinyarta, tafinta a ƙirjinsa. Yana ɗagawa kaɗan, ya daɗe, ya sake ɗagawa. Duk lokacin da ya daɗe sai ta ji nata numfashin ya tsaya. Ta sauke gilashin mota har ƙasa. Hawaye suna zuba ba ta ma share su.

Shirun ne ya fi ƙarfinta.

"Yaya, wallahi don shi na tayar. Ka ce in ka zo babu fanka..."

"Fankar a cire na same ta."

Bai ɗaga murya ba, bai dube ta ta madubi ba. Da ya yi ihu irin nasa na kullum da ta fi samun sauƙi.

"Minti goma na ce," ta faɗa a hankali. Ita kanta ta ji yadda maganar ta fito.

A ƙofar sashen gaggawa aka turo gado mai taya. Ma'aikata biyu suka ɗauke shi daga cinyarta, aka kifa masa robar iska a fuska, aka tura shi ciki da gudu. Auta ta bi su, takalminta ɗaya a ƙafa. A bakin ƙofa ta biyu wata nas ta tare su da hannu.

"Mutum ɗaya zai shiga. Wa ke kula da shi?"

Shekara uku, a kowane asibiti, a gaban kowane likita, Auta ce ke amsa wannan tambayar, ba ta ma jira a gama ta. Ta buɗe baki.

"Ni ne," in ji Yaya.

Ya miƙa katin, nas ta matsa masa ya wuce. Ƙofar ta yi lilo sau biyu ta tsaya. Auta ta matsa jikin ɗan gilashin da ke tsakiyarta, ta hango bayan Yaya da ƙafafun Baba suna nisa a doguwar baranda.

"Ta hagu ake ɗaga shi," ta ce. "Yaya, ta hagu, in aka kama dama yana jin zafi."

Ba wanda ya waiwayo. Wani mai shara ya zo da bokitinsa ya ce ta ɗan matsa daga hanya, ta matsa.